Zaren da Ya Narke Kafin Lokaci: Nazarin Janye Zaren Tiyata a Wani Asibiti a Kano

Washegarin suna aka dawo mana da ita, wajen ƙarfe goma na safe, a cikin adaidaita sahu. Wata dattijuwa ce ke tallafe da kanta, mijin kuma yana rungume da jaririn, ya rasa inda zai ajiye shi. An ɗaure mata ciki da zani tamau. Da na kwance zanin na ɗaga bandeji, sai na tarar ɗinkin ya buɗe daga ƙasan cibiya, kamar tsawon yatsa, hanji ya leƙo waje. Kwana takwas ke nan da aka yi mata aikin ciro jariri a ɗakin tiyatarmu, kuma da hannuna na miƙa wa likita zaren da ya rufe cikin.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara goma sha shida ina aikin tiyata, kuma ni ke kula da ɗakin tiyata na wani asibiti mai zaman kansa a cikin birnin Kano, mai gado talatin da 'yan kai. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, haka kamfanin da ya yi zaren, da dilan da ya sayar mana, da majinyatan. So nake abokan aiki su ga yadda kuskuren rubutu a jikin fakiti, wanda aka yi a wata masana'anta can ƙetare, ya ratso hannu huɗu ya shiga cikin wata mata a Kano, da irin wahalar da muka sha kafin mu gano sauran waɗanda aka ɗinka da shi.

Daren aikin

Haihuwarta ta shida ce. Ƙarfe biyun dare aka kawo ta jini na zuba, mabiyiya ta tare ƙofar mahaifa. Irin wannan ba ya jiran gari ya waye. Likita ya tsaga ta a tsaye daga ƙasan cibiya, don ya fi saurin kaiwa ga jariri. Aka ciro namiji lafiyayye, aka ɗinke mahaifa, aka ƙara mata jini leda biyu. Sai aka zo rufe bangon ciki.

Wanda bai taɓa shiga tiyata ba zai ɗauka fatar da ake gani ita ke riƙe ciki. Ba ita ba ce. A ƙarƙashin fata da kitse akwai wani farin tantani mai tauri, irin wanda mahauta ke ɗayewa a jikin naman ciki. Shi ke tare hanji idan mutum ya yi tari ko ya yunƙura. In an yanka shi, a makon farko kusan ba shi da ƙarfin kansa, zare ne ke riƙe komai, kuma sai ya yi mako shida ko fiye kafin ya mayar da rabin ƙarfinsa. Shi ya sa ba kowane zare ake sa masa ba.

Wanda muka saba sawa shi ne polyglactin 910 mai lamba 1. A tiyata Vicryl muke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo, amma namu ba na wancan kamfanin ba ne, na wani ne mai sauƙin kuɗi. Tufkakken zare ne mai narkewa a jiki sannu a hankali. Bayan mako biyu yana riƙe da kusan kashi 75 cikin 100 na ƙarfinsa, bayan mako uku kusan rabi, sannan ya ɓace ɗungurungum tsakanin kwana 56 zuwa 70. Yana da ƙane da ake yi daga sinadari iri ɗaya, sai dai tun a masana'anta ake raunana shi don ya narke da wuri. Shi wannan, a kwana biyar rabin ƙarfinsa ya tafi, zuwa kwana goma ko sha huɗu ba sauran abin da zai iya riƙewa. An yi shi ne don ɗinkin ƙari bayan haihuwa, da kaciya, da cikin baki, wuraren da ke warkewa da sauri kuma ba a son a dawo cire zare. Da safar roba a hannu ba ka bambanta su. Rubutun jikin fakiti ne ke raba su, sai launi: na yau da kullum galibi shunayya ne, mai saurin narkewa galibi fari.

Ina tsaye gefen likita, na wanke hannu na sa safa. Wata ƙaramar nas, watanta huɗu da kama aiki, ita ke buɗo mana kaya. Ta ɓare fakitin, sai ta tsaya tana kallon zaren.

"Sista, wannan fari ne."

Na ce, "Ana yin fari ma. Miƙo."

Ba ƙarya na yi ba, akwai na yau da kullum da ba a rina ba. Amma a jikin wannan fakitin an rubuta cewa zaren da ke ciki shunayya ne, ni kuwa ban ce ta karanta min ba. Hankalina na kan ƙirgar goz, wato ƙyallen tsane jini, da allurai, mai ba da maganin barci kuma yana ta cewa a yi sauri, jininta ya yi ƙasa. Likita ya ɗinke tantanin tun daga sama har ƙasa, ya rufe fata da nailan. Kwana biyar muka sallame ta, a kan ta dawo ranar kwana goma a cire zaren fata.

Abin da muka tarar a aiki na biyu

Dattijuwar ta ce ranar suna da la'asar wani ruwa ya fara jiƙa bandejin, ja-ja kamar ruwan wankin nama. Duk mai aikin tiyata ya san wannan alama: tantani ya riga ya buɗe ta ciki, fata ce kaɗai ta rage. Su ba su sani ba, don ba mu faɗa musu ba lokacin sallama. Gida cike da 'yan suna, mai jego na tashi tana zama tana amsa barka, ga tarin hunturu ya kama ta. Da asuba ta yi tari mai ƙarfi, ta ji wani abu ya tsinke.

Muka lulluɓe hanjin da goz mai ruwan gishiri, muka ɗaura mata ruwa, muka fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, muka koma tiyata.

Ta hanya uku ɗinkin bangon ciki ke lalacewa. Ko ƙulli ya warware, ko zare ya yanke naman ya fito, ko shi zaren ya tsinke. Na biyun aka fi gani, musamman in ciwo ya yi mugunya ko majinyaci ya rame. A nan kuwa ƙullin sama da na ƙasa suna nan daram, bakin tantanin bai yage ba, mugunya babu. Zaren ne ya gutsuttsure. Likita ya ɗago wani guntu da hantsaki, sai ya murmushe kamar tsohuwar igiyar shanya da ta shekara a rana.

Ya ce, "Sista, dubi nan. Kwana takwas fa kawai."

Ya wanke cikin, ya rufe da nailan mai lamba 2, wanda ba ya narkewa. Ta yi kwana goma sha biyu a gado, Allah ya tashi kafaɗunta.

Mun yi bincike, amma na ganin dama. Muka duba wa'adin sauran zaren, saura shekara uku. Muka duba sito ko laima ta shiga, tunda danshi ne ke narkar da irin wannan zare, ba mu ga komai ba. Daga nan muka kwanta a kan bayani mai sauƙi: ƙarancin jini, tari, hidimar suna, da wankan jego. Ni da kaina na tare dattijuwar nan, gwaggon mai jegon ce, a baranda gaban jama'a, na ce mata mun sha hana su wankan ruwan zafi da ganye ga wadda aka yi wa aiki amma ba sa ji. Ta ce, "Wallahi 'yar nan ban taɓa cikin ba, da tsumma nake goge mata jiki." Ban yarda ba. Guntayen zaren kuma, waɗanda su ne shaida, muka zubar tare da shara. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Takardar da ta makara

Bayan mako biyar mai kula da sitonmu ya same ni da wayarsa a hannu. Dilan da muke sayen kaya wurinsa ne ya turo masa hoton wata takarda ta WhatsApp, an tura an sake turawa har rubutun ya dushe. Sanarwar gaggawa ce daga kamfanin zaren. Ta ce a cikin rukuni ɗaya na polyglactin mai lamba 1, wato kayan da masana'anta ta yi a zubi ɗaya, an buga wa wasu fakitoci na mai saurin narkewa lebul ɗin na yau da kullum. Duk wanda ke da wannan rukuni ya daina amfani da shi, ya ware, ya ƙirga, ya mayar, ya sa hannu a fom. Likitoci kuma su bibiyi waɗanda aka ɗinka musu shi a wurin da ke buƙatar dogon riƙo.

Na duba saman takardar. Kwanan watan ya riga aikin matar nan da mako uku. Wato daren da yarinyar nan ta ce min zaren fari ne, kamfanin ya riga ya sani, ya riga ya rubuta, takardar tana hanya.

Irin wannan kuskure ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda ake shirya kaya a masana'anta. Layi ɗaya ne ke ɗaure kaya iri-iri. In an gama da wannan za a shiga wancan, ƙa'ida ce a share layin tas, kada a bar zare ko takardar lebul ko ɗaya ta aikin baya, a kuma ƙirga lebul nawa aka buga, nawa aka manna, nawa suka lalace. In aka yi sakaci a nan, sai kaya mai kyau ya fito da sunan da ba nasa ba. Haka ake samun robar fitsari mai lamba 16 a cikin ledar da ta ce 12, ko kusar ɗaurin ƙashi da tsawonta ya saɓa wa abin da aka rubuta, ko ƙarfen gwiwar hagu a kwalin na dama.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne zaren nan ba jabu ba ne. Yana da rajista, an kashe masa ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, wa'adinsa bai ƙare ba, ledarsa ba ta huje ba. Tun zamanin da Farfesa Dora Akunyili ta riƙe NAFDAC, daga 2001 zuwa 2008, an koya mana mu duba lambar rajista, mu duba ranar ƙarewa, daga baya aka kawo na kankarewa a aika lamba ta waya a jikin wasu magunguna. Duk wannan maganin jabu ne da kayan da suka lalace, kuma ya yi amfani ƙwarai. Amma ba ya kama kaya na gaskiya da aka rubuta wa sunan ɗan'uwansa. Abu ɗaya ne ke kama shi: lambar rukuni, wadda ake bugawa kusa da kalmar LOT a cikin ɗan akwati. Kullum tana gaban idonmu, tsakanin REF mai nuna samfurin kaya da hoton kwalbar yashi mai nuna wa'adi. Shekara goma sha shida ban taɓa kwafe ta a takarda ba sai ranar nan.

A Amurka hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna, ta kasa janye kaya gida uku. Aji na ɗaya shi ne wanda ake tsoron zai iya kisa ko mummunar illa, na biyu illar da za ta wuce ko a iya magance ta, na uku wanda da wuya ya cutar. Kuskuren lebul na iya faɗawa kowanne daga ciki, domin ba girman kuskuren ake aunawa ba, ɓarnar da zai iya jawowa ake dubawa. Tun 2013 suka kafa dokar cewa kayan aikin asibiti su ɗauki lambar shaida ta musamman da na'ura ke iya karantawa, Tarayyar Turai ma ta sa irin wannan a dokarta ta 2017. A Ingila, daga 2016, wasu asibitocin gwamnati suka fara haska lambar kaya tare da ta awarwaron majinyaci a cikin tiyata, yadda in kiranye ya zo kwamfuta za ta fito da sunayen waɗanda abin ya shafa. Duk wannan ɗawainiya tambaya ɗaya take amsawa: wane fakiti ya shiga jikin wa?

Mu a nan ga yadda hanyar take. Kamfani ya san wanda ya shigo da kayan Legas, don haka takarda ta same shi da wuri. Shi ma ya san manyan dilolin da ya ba. Daga nan igiya ta tsinke. Babban dila ya sayar wa namu katan guda, rasidi ya ce zare lamba 1, katan ɗaya, kuɗi kaza. Namu ya rarraba wa asibitoci da kemis-kemis, kwali biyu nan, biyar can. Ba rasidin da ya ɗauki lambar rukuni. Zan yi masa adalci: da labari ya iso shi bai ɓoye ba, ya zauna da littafinsa yana tuno waɗanda ya ba, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Amma ran majinyaci bai kamata ya rataya a kan ƙwaƙwalwar ɗan kasuwa ba, kome kirkinsa.

Neman fakiti sittin

Rasidinmu ya nuna kwali biyar, kowanne dozin guda, fakiti 60 ke nan, kuma dila ya tabbatar duk katan ɗinsa daga wannan rukuni yake. Littafin sito bai da lambar. Kwalayen an daɗe da zubar da su, domin al'adarmu ce in kaya sun hawo tiyata mu juye fakitocin a durowar roba bisa lamba, sabo a kan tsoho. Sa'ar da muka ci ita ce lambar tana jikin kowane fakiti. Muka juye durowar a kan tebur, muka karanta ɗaya bayan ɗaya. Guda 23 muka samu. Saura 37.

Wata nas ta dare ta tuna an ba wani asibitin maƙwabta aron guda shida, ranar da nasu ya ƙare suna tsakiyar aiki. A bayan wata takardar magani aka rubuta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, nan take muka kira su. Huɗu na nan ba a taɓa ba, biyu sun shiga jikin majinyacinsu, suka ce za su neme shi.

Saura 31, kuma duk a jikin mutanenmu suke. Rajistar tiyata tana da suna, shekaru, irin aikin, likita, maganin barci, ƙirgar goz da allura. A gurbin zare abin da muke rubutawa shi ne "lamba 1, guda uku". Na wane rukuni, na wane kamfani, babu. Dole muka bi kwanan wata, daga ranar da kwalayen suka hawo tiyata zuwa ranar da sanarwa ta iso, muka fitar da duk wanda aka sa wa lamba 1. Mutum 17. Mun san ba dukansu ba ne, tunda akwai tsohon zare a durowar, amma ba yadda za a tace.

Akwai wani ɓangaren da ya fi wannan duhu. Kowa a Kano ya san yadda ake yi in an shirya aiki: a rubuta wa dangi jerin kaya, safa, ruwa, zare, allura, su tsallaka titi su sayo a kemis, fakiti ɗaiɗai a baƙar leda. Mai kemis bai san sunan majinyaci ba, asibiti bai san inda mai kemis ya saro ba. Kwalayen da dilanmu ya sayar wa kemis-kemis ta wannan hanya suka bi, cikin asibitocin da ba su taɓa ganin takardar kamfanin ba.

Kafin mu mayar da 23 ɗin, likita ya ce a buɗe uku a gaban shaidu, a ɗauki hoto don rahoto. Na farko shunayya. Na biyu shunayya. Na uku fari sol. Ƙaramar nas ɗin nan tana tsaye bakin ƙofa, ba ta ce komai ba. Na juya na faɗa wa kowa cewa ta gani tun daren farko, ta kuma faɗa, ni ce na katse ta. Muka cike fom ɗin rahoto, muka haɗa da hotunan da kwafin sanarwar, aka kai ofishin NAFDAC na Kano.

A faɗa musu ko a rufe

A nan aka yi gardama. Mai asibitin ya ce a kira mutanen 17 a ce duba lafiya ce ta bayan aiki, kyauta, ba sai an ambaci zare ba. Ban ga baƙinsa gaba ɗaya ba. Ya san garinsa, ya san labari in ya fita zai koma "asibitin wane suna ɗinka mutane da ruɓaɓɓen zare", kuma ba wanda zai tsaya jin bayanin lebul. Likitan fiɗa ya ce shi ba zai duba cikin mutum yana ɓoye masa abin da yake nema ba. Ya kawo Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ba majinyaci haƙƙin sanin halin da lafiyarsa ke ciki, da kundin haƙƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018.

Ni hujjata ta aiki ce. Tantanin da bai haɗe da kyau ba, ba lallai ya fashe a mako na biyu ba. Yana iya yin shiru, bayan wata shida ko shekara ƙaba ta ɓullo a kan tabon. In ba ka faɗa wa mace gaskiya ba, me zai hana ta ɗaukar jarkar ruwa ko yin daka? In kumburi ya fito, me zai sa ta dawo wurinka maimakon ta nemi mai magani? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga ƙarshe mai asibitin ya yarda, da sharaɗin likita ne zai yi bayanin da bakinsa.

Kiran ma aiki ne. Lambobin da ke cikin fayil na maza ne, ko na maƙwabci, wata ma ta mai cajin waya ce a bakin layi. Adireshi kuwa, "Kurna, kusa da masallaci", "Rijiyar Lemo, bayan makaranta". Mutum uku sai da muka bi ta hannun masu unguwa. Cikin mako biyu muka samu 15, har da matar da cikinta ya buɗe. Sha uku tabonsu ya warke sumul, muka faɗa musu abin da za su lura da shi, muka ba su ranar dawowa. Ɗaya saurayi ne da taifot ya huda wa hanji, muka tarar da kumburi a tsakiyar tabonsa, in ya yi tari sai ya turo. Ciwonsa ya yi mugunya tun farko, wanda shi kaɗai ya isa ya jawo ƙaba, amma asibiti ya ɗauki nauyin gyaran ba tare da ja-in-ja ba.

Mijin matar ɗan kasuwa ne, mai sayar da yadi. Ya saurari likita har ƙarshe, ya karɓi fakitin da aka buɗe ya jujjuya shi.

Ya ce, "Dakta, ni in na sari bandir aka rubuta yadi hamsin na tarar da arba'in, na san wanda zan kama. Ku wa kuka kama?"

Likita ya ce, "Alhaji, sun karɓi kayansu sun ba mu wasu. Iyakar abin da suka yi ke nan."

Haka ne. An canza mana zaren da muka mayar, fakiti da fakiti. Aiki na biyu, jini, kwana goma sha biyu a gado, jaririn da aka koma ba shi madarar gwangwani don uwarsa ba ta iya zama, ba wanda ya yi maganarsu. Asibiti ya mayar wa Alhajin kuɗin aiki na biyu. Ya karɓa, ya ce ya gode da ba a rufe shi ba, amma haihuwa ta gaba ba a nan za a yi ba. Ba wanda ya iya ce masa komai.

Na roƙe shi ya kai ni wurin gwaggon. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, na zo neman gafara. Ba wankanki ba ne, zarenmu ne." Ta ajiye rariyar ta daɗe tana kallona. Ashe tun daga ranar da na yi mata faɗa maganar ta bi dangi, har wata 'yar ƙanwarta da ta haihu bayan nan aka ƙi kiran ta zaman jego, aikin da ta shekara talatin tana yi wa zuri'arsu. Ta ce, "Na yafe miki, 'yar nan. Amma ki faɗa a gaban uwar mijinta, don ita ta fi yaɗawa." Aka kira ta, na maimaita.

Abin da muka canza

Babu kwamfuta a tiyatarmu, ba kuma na jiran ta. Littafi mai bango muka saya da gam. Duk fakitin zaren da aka buɗe, da raga ta gyaran ƙaba, da duk abin da zai zauna a jikin mutum, ana yanke gefen da ke da LOT a manna a shafin majinyacin, a kwafe lambar a fayil ɗinsa, ko daga sitonmu kayan ya fito ko dangi ne suka sayo. Ba a ƙara juye zare a durowa, yana zama a kwalinsa har ya ƙare. Mai buɗe kaya tana karantawa da ƙarfi kafin ta ɓare, suna, lamba, launi, wa'adi, wadda ta wanke hannu kuma ta amsa da abin da idonta ya gani. In suka saɓa, a ajiye fakitin gefe, kada a zubar, a ɗauko wani. Na faɗa wa yarana cewa ko jiya mutum ya kama aiki, in ya ce a tsaya, za a tsaya.

Takardar duba lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, mai tambaya 19, muna amfani da ita tun da daɗewa. Tana tambayar tsabtar kaya, da ƙirgar goz da allura, da ko wani kayan aiki ya ba da matsala, amma ba ta da gurbin lambar rukuni. Hukumar da kanta ta ce kowane asibiti ya daidaita ta da halinsa, sai muka ƙara layi ɗaya a ƙasa. A takardar sallama ma mun ƙara gargaɗin ruwan wankin nama, da Hausa, muna kuma karɓar lambar waya biyu, ɗaya ta ita majinyaciyar ko mahaifiyarta.

Mai sito yanzu ba ya karɓar kaya sai rasidi ya zo da lambar rukuni. Dila biyu sun ce ɓata lokaci ne, muka bar su. Wannan shi ne wurin da nake ganin hukuma za ta iya yin abin da mu ba za mu iya ba. Tun 2024 da aka matsa wa masu sarin magani su tashi daga Sabon Gari da Malam Kato su koma cibiyar Dangwauro da ke kan titin Zariya, an samu wuri guda da ido zai iya kaiwa. In NAFDAC da hukumar kula da harhaɗa magunguna suka wajabta rubuta lambar rukuni a kowane rasidin sari, PHIMA kuma, hukumar jihar Kano mai sa ido a kan irin asibitinmu, ta riƙa neman ganin irin littafin nan in ta zo duba asibitoci masu zaman kansu, takardar kiranye za ta samu hanyar bi har bakin gado, ba sai ta yi mako takwas tana yawo a wayoyi ba.

Mutum biyu daga cikin 17 ɗin har yau ba mu same su ba. Ɗaya mata ce da aka cire wa ƙari a mahaifa, daga wani ƙauye aka kawo ta, lambar da aka bari a kashe take tun lokacin. Ɗayan almajiri ne da aka yi wa aikin hanji, malaminsu ya tashi da makarantar bayan damina, maƙwabta suka ce gabas suka yi. Sunayensu na manne a cikin murfin kabad ɗin zare. Ranar Litinin da ta wuce na sake gwada lambar matar, ba ta shiga ba.